Biki saura wata 4, Umma ta ce ba za a yi wa kunnena gashi ba

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 24. Ina da shekara 19 na ƙara huda kunnena na hagu, huda ta biyu a saman ta jarirantaka, irin wadda 'yammata ke yi. Bayan 'yan watanni wani ɗan tsiro ya fito a bayan kunnen kamar ƙwayar gyaɗa. Shekara 2 da suka wuce aka yanke mini shi a wani asibiti mai zaman kansa, aka ɗinke, aka sallame ni, ba wanda ya ce in dawo. Bai cika shekara ba ya sake fitowa, yanzu ya kai goro, har ya zagayo gaba. Ga ƙaiƙayi, ga suka da daddare, ba na iya kwanciya ta wannan ɓangaren. Akwai wani ƙarami kuma a tsakiyar ƙirjina, inda ƙurji ya taɓa fito mini.

Na je asibitin koyarwa, likita ya ce kiloid ne, ba daji ba ne. Ya ce zai iya cirewa, amma ba zai sa wuƙa ba sai in za a bi aikin da gashi, irin wanda ake yi wa masu ciwon daji. Da na faɗa wa Umma sai ta fashe da kuka. Yayarta ciwon dajin mama ne ajalinta, kuma an yi mata gashi kafin ta rasu. Umma ta ce ɓoye mata muke yi, ba a yi wa mai lafiya gashi. So take a kai ni wajen wata mata da ke ɗaure irin wannan da zare har ya faɗi. Abba ya ce zai biya kuɗin asibiti, amma ba zai yi abin da Umma ba ta amince ba.

An sa ranar bikina, saura wata 4. Wanda zan aura ya sani, ya ce shi abin bai dame shi ba. Sai dai maganar ta kai wa gwaggonsa, tana ta cewa gashi yana ƙone mahaifa, za a kawo musu wadda ba za ta haihu ba. Ni kuma in na tuna ranar da za a buɗe kaina a gaban dangin miji sai in ji kamar in fasa. Anti, in yi ko in haƙura? In zan yi, kafin biki ko bayan biki?

'Yarki, daga Jihar Katsina

Wa alaikumus salam 'yata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da na gani shi ne gida guda mai mutum biyu da maciji ya taɓa sara. Ke wuƙar farko ce ta sare ki, Umma kuma rasuwar yayarta. Duk wadda ta hango baƙin tsumma a cikinku dole gabanta ya faɗi, kuma ban ga laifin kowa ba.

Bari in ba ki amsar tun yanzu, sai in warware ta a hankali. Sharaɗin da likitan nan ya gindaya, cewa ba zai yanka ba sai da gashi a biye, shi ne abin da ya fi kwantar mini da hankali a duk wasiƙar. A ganina ki yi, kuma kafin biki ya fi, muddin za a iya haɗa komai cikin mako 4 zuwa 6 masu zuwa. In ba zai haɗu ba, kada a taɓa kunnen nan da wuƙa, akwai abin da za a yi a rage miki wahala kafin lokaci ya ba da dama.

Kiloid tabo ne da ya ƙi tsayawa inda ya kamata. Duk lokacin da fata ta ji rauni, jiki yakan aiko da ƙwayoyin da ke saƙa wani irin zare mai suna kolajin don su cike gurbin. A wurin yawancin mutane, da gurbi ya cika sai aiki ya tsaya. A wurin wasu kuwa kamar magini ne da aka kira ya toshe tsaga a katanga, ya toshe, ba wanda ya ce masa ya isa, sai ya ci gaba da yaɓe har ya shiga filin maƙwabci. Shi ya sa ramin allura ya haifi abin da ya kai goro. Ya fi kama mu baƙar fata, ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30, yana bin jini a wasu gidaje, kuma yana da wuraren da yake so: kunne, tsakiyar ƙirji, kafaɗa, gadon baya, da haɓa da ƙeya a wurin maza masu yawan aski. Likitoci sun lura hudar da aka yi bayan yarinya ta fara girma ta fi jawo shi a kan ta jarirantaka, abin da ya faru da ke ke nan daidai. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba ya cin jiki ya bi jini kamar daji. Na san a irin wannan ba a rasa mai raɗa cewa jifa ne, musamman da aure ya matso. Ki tuna shekara 5 ke nan da ya fara, tun kafin a san da maganar auren.

Kada kuma ki ci gaba da cin kanki a kan huda ta biyu. 'Yammata nawa suka yi ta suka kwana lafiya? Ba ki da hanyar sanin halin fatarki sai da abin ya faru.

Yankan farko bai yi ba saboda yanka shi ma rauni ne, kuma ya fi ramin allura girma. An cire yaɓen, an bar maginin a wurin da sabuwar tsaga mai faɗi. A rubuce-rubucen likitoci, kiloid da aka yanke shi kaɗai ba a bi shi da komai ba yana dawowa a kashi 45 zuwa 100 cikin 100, kuma sau da yawa ya fi na da girma. In aka bi aikin da gashi, wanda ke dawowa kusan mutum 2 ne cikin 10, a kunne ma bai kai haka ba. Ki lura ban ce miki babu dawowa sam ba. Duk wanda ya yi miki wannan alkawarin, likita ne ko mai magani, ki riƙe jakarki da kyau.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai. Gashin nan haske ne mai ƙarfi da inji ke bayarwa, yana aiki ne a kan ƙwayoyin saƙar da ke rububin zuwa bakin rauni a kwanakin farko bayan yanka, ya rage musu zafin nama kafin su kafa. Saboda haka lokacinsa ƙanƙani ne: ana so a fara cikin awa 24, kada dai ya wuce awa 72. Tun ran gini ake zane, in yaɓe ya bushe sai dai a yi kallo. Ma'ana, ba a yin aiki sannan a fita neman inda za a yi gashi. Sai an ga likitan gashi, ya duba kunnen, ya amince, an biya, an rubuta miki rana da awa, sannan a sa ranar tiyata ta dace da ita. Ki roƙi a sa aikin ranar Litinin ko Talata, don kada Asabar da Lahadi su ratsa tsakanin zaman gashin.

Wannan ba ƙaramin shiri ba ne a ƙasarmu, domin wuraren gashi 'yan ƙalilan ne. Daga cikin waɗanda suka fi kusa da ku akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja. Inji kuwa inji ne, a ko'ina yakan tsaya don gyara, ga layin masu jinyar daji da tsawo. Don haka a buga waya a tabbatar yana aiki kwana ɗaya kafin tiyata, kuma ku yi yarjejeniya da likitanki tun yanzu cewa in ya tsaya, aikin ma an ɗaga. Mafi sauƙi shi ne a yi yankan da gashin a asibiti ɗaya. In dole sai an raba, a kama masauki kusa da wurin gashin, kada a dogara da motar haya da sabon ɗinki a kunne. Ki tambaya kuma wane irin haske za a yi amfani da shi. Na fata ake nema, wanda ke tsayawa a sama-sama: ko hasken ilektiron daga injin da suke kira linak, ko eksire marar zurfi, ko kuma ɗan siririn bututu da ake shimfiɗawa a cikin ɗinkin a ba da hasken ta ciki. Kuma a sa su rubuta wa Abba jimillar kuɗin gaba ɗaya, tiyata da gashi da gwaji, don kada a tsaya a tsakiyar rafi.

Shi kansa zaman ba abin tsoro ba ne. Sunan ne ya ɓata shi, ka ce gashi mutum ya hango tukuba da garwashi. Kwanciya za ki yi, a rufe abin da ke kewaye da ɗinkin da dalma, injin ya yi 'yar ƙara na 'yan mintoci, ki tashi. Ba zafi, ba wuta. Hasken ba ya zama a jikinki, kina iya rungumar jariri a ranar. Sumar kanki ma ba za ta zube ba. Zubewar suma gaba ɗaya da aka sani ga masu jinyar daji daga maganin kimo take, wanda ake ɗurawa ta jijiya.

Ana auna hasken da wani ma'auni mai suna gire. Mai dajin mama akan ba ta gire 40 zuwa 50 cikin mako 3 zuwa 5, a faɗin ƙirji, wani lokaci har hammata. Na kiloid yakan kama daga 8 zuwa 20, a zama 1 zuwa 5, a kan ɗan layin ɗinki kawai. Farfesa Rei Ogawa na Makarantar Likitanci ta Nippon da ke Tokiyo, wanda ya yi suna a duniya kan wannan ciwo, tsarinsu na fatar kunne gire 8 ne a zama ɗaya, ƙirji kuma 18 a zama 3. Likitanki zai iya zaɓar wani tsarin daban gwargwadon injinsu, na kawo wannan ne don ki ga tazarar da ke tsakanin naki da na marigayiya.

Ba zan ɓoye miki illarsa ba. Wurin yakan yi ja ko ya bushe ya yi saɓa a makonnin farko. A fatarmu abin da aka fi gani shi ne wurin ya yi duhu, wani lokaci ya yi haske, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita, wani ma ba ya komawa daidai gaba ɗaya. Sai babbar tambayar: shin hasken da kansa zai iya jawo daji nan gaba? A 2009 Ogawa da abokan aikinsa sun bi diddigin rahotannin likitoci tun daga 1901, suka sami mutum 5 da aka danganta dajinsu da gashin kiloid. Ba kowane ne ake rubutawa ba, don haka haɗarin yana nan, amma ƙanƙani ne ƙwarai. Saboda shi ne ba a yi wa yara ƙanana, ba a yi wa mai ciki, kuma ake kare wuya da mama da dalma. Ki sa wannan a sikeli ɗaya, a ɗayan ki sa shekarun ƙaiƙayi da rashin barci da abin da ke ƙara girma. Ke ce mai kunnen, ke za ki auna, ni dai na faɗi inda nawa ya rinjaya.

Mu dawo kan Umma, domin a nan ne ainihin ƙullin yake. Umma ba jahilci ke damunta ba, abin da idonta ya gani ne. A wurarenmu yawancin masu dajin mama ba sa isa ɗakin gashi sai ciwo ya ci ƙarfinsu, bayan an sha zagaye. Sai a yi gashin, ba da daɗewa ba a yi rasuwa, dangi su haɗa biyun a zuciyarsu. Umma ta raka yayarta ta wannan ƙofar, ta dawo ita kaɗai. Yau an ce 'yarta, amarya, za ta bi ta ƙofar. In kika zo mata da lissafin gire da kashi cikin ɗari a wannan hali, ba za ta ji ba. Ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu, bayan sallar isha'i misali, ki tambaye ta labarin jinyar yayarta, ki bar ta ta faɗa har ƙarshe ko da kin sha ji. Sannan ki ce mata, "Umma, ba zan yi komai a bayan idonki ba. Ki zo mu je tare, ki tambayi likitan da bakinki."

Zargin ɓoyewa shi ya fi ci mata rai, kuma maganinsa a buɗe mata komai. Ki sanar da likitan tun kafin ku je cewa mahaifiyarki ta yi rashi ta wannan hanyar, ki roƙe shi ya ba ta minti goma, da Hausa, ya nuna mata fayil ɗinki. In akwai wata ma'aikaciyar jinya ko ungozoma a dangi ko unguwa wadda Umma ke jin maganarta, ku tafi da ita. Akwai kuma abin da zai zama hujja a hannu: a nemi a kai naman da aka cire ɗakin gwaji. Wannan dama ƙa'ida ce mai kyau, domin akwai wani ƙari na fata da ba kasafai ake samunsa ba wanda ke shigar burtu da kamannin kiloid. Takardar sakamakon in ta fito, Umma ce za ta fara riƙe ta. Kuma tunda yayar Umma dajin mama ta yi, ki ambata wa likita wannan, ku biyun ku koyi duba mama, Umma ta je a duba ta. Tsoron nan nata gara ya tafi inda zai yi amfani.

Abba kuwa ya yi abin da dattijo ke yi, bai so ya taka matarsa a kan 'yarta. Kada ki mai da shi sandar dukan Umma. Ki roƙe shi dai ya kasance a ɗakin likitan ranar, domin wani lokaci mace takan so ta sauko amma tana buƙatar maigida ya ce "to, mu yi bismillah" don nauyin kada ya zama nata ita kaɗai.

Maganar mai zare kam, a nan ba zan yi sassauci ba. Abin da zaren ke yi shi ne ya shaƙe jini har naman ya mutu ya ruɓe ya faɗi, ya bar gyambo a buɗe. Gyambon da ya daɗe bai rufe ba, ga ƙwayoyin cuta, shi ne abincin kiloid. Kin ga abin da wuƙa mai tsabta a asibiti ta jawo, to ina ga wannan? Haka tsagar wanzami, haka ƙaho a wurin, haka duk wani haɗi mai ci da ake shafawa ya ƙone fata. Na yarda matar tana da waɗanda za ta nuna ta ce ya faɗi. Faɗuwa ai naki ma ya taɓa faɗuwa. A tambayi kunnuwan bayan shekara guda. Addu'a da tofi kuwa Umma ta yi ta yi, ba su hana magani, magani bai hana su.

Sai gwaggo. Amsar maganarta gajera ce: hasken da za a ba kunne a fatar wurin yake tsayawa, mahaifa da ƙwayayen haihuwa suna can ƙasan ciki, ba abin da ya haɗa su. Gashin da ke taɓa haihuwa shi ne wanda ake yi a mara, kamar na dajin bakin mahaifa, wataƙila irinsa ta taɓa ji. Amma ba ke za ki kai mata wannan amsar ba. Ba ki shiga gidan ba tukuna, kada ki fara da musu da gwaggon miji. Aikin angon ne. "Bai dame ni ba" magana ce mai daɗi, na kuma yaba masa, sai dai ba ta isa ba. Shi abin bai dame shi ba, ke kuwa yana hana ki barci. Ki ce masa abin da kike buƙata a fili: ya ji bayanin likita da kunnensa, ko ta waya ce, ya zauna da mahaifiyarsa ya fahimtar da ita, ita kuma ta san yadda za ta yi da gwaggo. Manya su suka san bakin junansu. Ki kuma nemi alkawarinsa tun yanzu a kan zuwa asibiti bayan aure, domin bibiyar wannan aiki takan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa 2, kuma amarya ba ta fita sai da yardar miji da kuɗin mota. Yadda ya karɓi wannan ƙaramar buƙata zai nuna miki abubuwa game da shi.

Dalilin da ya sa na ce kafin biki ya fi ba don hotuna ba ne. Ciki ne. Bayan aure kina iya samun rabo a watan farko, kuma da zarar an samu, ƙofar gashi ta rufe har ki haihu. Ga shi kiloid yakan ƙara girma da ƙaiƙayi a lokacin goyon ciki. Yanzu kuwa hanya a buɗe take. Ɗinki akan cire shi cikin mako 1 zuwa 2, in aka yi aikin nan da wata guda ko ɗaya da rabi, kina da wata 2 da ɗoriya kunnen ya lafa kafin kamu. In kuwa lallashin Umma ko layin asibiti ya ja har biki ya rage 'yan makonni, ki dakata. Ba na so ki shiga hidimar biki da ɗanyen rauni, ana ja miki ɗankwali, ana rungumarki ta ko'ina. A wannan hali sai ku zauna da angon da likita ku tsayar da lokaci bayan biki, a yi gwajin ciki kafin a fara, kuma ku yi magana ta gaskiya a kan ko za ku ɗan jinkirta ɗaukar ciki har a gama.

Ki shirya wa abu guda: tsiron da ya kai goro ya riga ya ci wani ɓangare na fatar kunnen. Bayan aiki kunnen hagu zai iya fin na dama ƙanƙanta, hudar jarirantaka ma tana iya tafiya. Ki sa likitan ya zana miki yadda yake sa ran zai kasance, kuma ki tabbatar likitan tiyatar gyaran fata ne zai yi aikin, domin yadda aka ɗinke ba tare da an ja fatar ta ɗame ba yana cikin abin da ke hana dawowa.

Na ƙirjin kuma ki bar shi daban, kada a ce tunda an shiga a haɗa duka. Fatar ƙirji kullum a jaye take, da numfashi da motsin hannu, shi ya sa nan ne kiloid ya fi taurin kai bayan yanka. Ga shi kusa da mama, ga tarihin gidanku. Tunda ƙarami ne, allura ce hanyarsa: wani sitiroyid mai suna tirayamsinolon, wanda aka fi sani da Kenacort, ana yin sa a cikin tabon kansa duk bayan mako 4 zuwa 6. Allurar da zafi, ba zan yi miki ƙarya ba, amma tana kwantar da tudun, tana kashe ƙaiƙayi. Takan sa wurin ya yi haske ko fatar ta yi sirara, takan kuma rikita al'ada na ɗan lokaci, gara ki sani don kada ki firgita ana gab da biki. A hannun likita za a yi ta. Kada ki saya a kemis a yi miki a ɗuwawu, wannan jiki duka yake bi, ya bar tabon yana nan. Wasu likitocin kan haɗa ta da wani magani mai suna 5-FU, wanda ba a ba mai ciki ko mai neman ciki, don haka ki faɗa musu ranar aurenki.

Wannan allurar ita ce kuma madogararki in gashin bai samu ba. Ana iya fara yi wa kunnen ita tun yanzu don suka da ƙaiƙayi su ragu, ko da ba za ta narkar da abu mai girman goro ba. Akwai kuma hanya ta biyu da likitoci da yawa ke bi a kunne: a yanke, a bi da allurar a kai a kai na watanni, a haɗa da ɗan kunne mai matsewa da ake sawa yawancin yini. Tana aiki ga mutane da dama, sai dai tana son naci, kuma ga wanda ya riga ya dawo sau ɗaya kamar naki gashi ya fi ƙarfi. Ki tambayi likitanki ra'ayinsa a kanta, don ku san kuna da ƙofa ta biyu.

Bayan aiki, ko da an yi gashi, akwai naki rabon. In rauni ya rufe za a iya ba ki faifan silikon mai laushi da ake mannawa aƙalla awa 12 a rana na tsawon watanni, ko ɗan kunnen matsi. Ki gargaɗi mai gyaran jiki: dilka da halawa kada su kusanci kunnen nan ko tsakiyar ƙirji, man ƙara haske ma haka. Mai kitso ta yi a hankali ta wannan gefen. Hijabi zai taimaka wajen kare wurin daga rana, amma kada ya zama mai ɗamewa yana gogar ɗinkin. Da kin ji wurin ya fara tauri, ko ƙaiƙayin da kika sani ya dawo, ki koma asibiti a makon, kada ki jira ranar da aka rubuta miki. Ɗan ƙaramin da aka kama da wuri allura ɗaya ko biyu kan kwantar da shi.

'Yan kunnen lefe kuwa, ki faɗa wa angon tun ba a gama sayayya ba a nemo na maƙalawa, su ma sai likita ya ce kunnen ya yi ƙwari. Sabuwar huda a ko'ina a jikinki, kunne ko hanci, ki yafe ta. Duk ranar da za a yi miki wani aiki, musamman in haihuwa ta zo da tiyata, ki faɗa tun kafin a fara cewa fatarki tana yin kiloid. In Allah ya ba ki 'ya mace, ki nemi shawarar likita kafin a huda mata kunne, riga-kafin yara kuma a yi mata shi cikakke kamar kowa.

Game da ranar buɗar kai, na san yadda idon dangin miji yake da kaifi. Amma ko an yi aikin ko ba a yi ba, mai ɗaurin ɗankwali ta san yadda za ta sauko da shi ya rufe kunne, amare da yawa haka suke ɗauri don ado kawai. Ki gwada ɗaurin tun kafin ranar, ki duba madubi, ki ga da idonki.

A wannan makon ki yi abu biyu: ki zauna da Umma, ki kuma karɓo ranar ganin likitan gashi, wadda za ku je ku uku da Abba. In kun dawo ki rubuto mini abin da Umma ta tambaya da abin da aka ce mata. Ki gaishe ta, ki ce ina yi mata ta'aziyyar yayarta, Allah ya jiƙanta ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara.